Tambaya da Amsa: Tunda aka ɗora min sabuwar Windows waifai ya yi ɓatan dabo

Salamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 jama'a suke ta rububin komawa Windows 11, kuma tun daga lokacin akwatin saƙonmu bai huta ba, kusan kowa kukansa ɗaya ne, an ɗora sabuwa waifai ya tafi. Na tsamo kaɗan daga ciki waɗanda nake ganin amsarsu zata wadatar da saura, wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri ya duba ko ciwonsa yayi kama da na wani a nan.

TAMBAYA: Salam Injiniya, dan Allah a taimaka min. Laftof ɗina tokumbo ce, shekara biyu kenan da na siya bata taɓa bani matsala ba, ranar asabar na kai shago aka min afgired daga Windows 10 zuwa 11, ina dawowa gida na duba can ƙasa gefen agogo babu alamar waifai kwata-kwata sai wani ɗan hoton duniya, na koma shagon yaron yace wai katin waifai ɗin ne ya ƙone sai an canza ko kuma ayi fomatin gaba ɗaya, ni kuma furojet ɗina yana ciki ga difens ya matso, wlh na rasa yadda zanyi.
Daga wani ɗalibi ɗan aji huɗu, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka yarda ayi fomatin, kar kuma ka biya kuɗin kati tukunna. Katin da yake aiki lafiya lau ranar juma'a ba zai ƙone ranar asabar ba don kawai an canza Windows, da wuya ƙwarai. Abin da yake faruwa shine kowane ƙarfe a cikin kwamfuta yana da 'yar manhajar da take tuƙa shi, direba ake ce mata, sunan ma ya dace da ita, motarka lafiyarta ƙalau tana nan a fake, direbanta ne aka sauke a hanya ko kuma aka ɗora wani da bai san giyarta ba.

Amma kafin mu je can, fara kwafe furojet ɗin nan a filas yanzu-yanzu, sannan ka duba abu mai sauƙi. Tsofaffin laftof ɗin ofis da ake shigo mana dasu, irinsu EliteBook da Latitude da ThinkPad, da yawansu suna da maɓallin kashe waifai, wani a saman kibod yake da 'yar fitila da take komawa ruwan lemo in a kashe yake, wani a gefe yake kamar makunnin rediyo, wani kuma sai ka haɗa Fn da maɓallin da aka zana eriya ko jirgin sama a kansa. Na sha ganin mutum ya kwana biyu yana wahala ashe wajen saka ta a jaka ne ya goge makunnin. In ba shi bane, kashe ta gaba ɗaya, zare caja, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 ka saki, sannan ka kunna. Kuma ka sani Shut down a Windows ba kashewa ce ta gaskiya ba, akwai wani tsari na saurin tashi da yake ajiye halin da direbobi suke ciki ya dawo maka da shi yadda yake, da ciwon da komai, Restart ne yake tada su daga farko, ko ka danne Shift yayin da kake danna Shut down.

Toh in duk bai yi ba, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta devmgmt.msc ka danna Enter, Device Manager zai buɗe. Nemi Network adapters ka buɗe shi. Kana neman layin da yake ɗauke da Wireless ko Wi-Fi ko 802.11 a sunansa. In ka gan shi da ɗan alwatika mai ruwan ɗorawa, wani lokacin ciki an rubuta Code 10 ko Code 43, danna shi da hannun daman maus ka zaɓi Uninstall device, sannan kayi ristat, Windows zata sake gano shi da kanta. In kuwa baka gan shi a nan ba, leƙa Other devices, zaka tarar da wani abu mai suna Network Controller yana zaune babu uban gida, wannan shine katin naka da akace ya ƙone, ransa ɗaya, direba kawai yake jira.

Nasan abin da zaka ce, ta ina zan sauke direba bayan babu intanet, kaza ce ta fara ko ƙwai. Wayarka ce mafita. Ɗauko kebul ɗin caja mai ɗaukar data, ba irin na wuta kaɗai ba, jona wayar da laftof, shiga saitin hotsifot na wayar ka kunna USB tethering, nan take laftof zata ga intanet kamar an saka mata wayar ofis kuma bata buƙatar katin waifai ko kaɗan. Gargaɗi ɗaya, Windows bata san datar siye kake ba, tana ganin intanet zata fara jan afdet kamar rijiya ta samu, don haka ka shiga saitin wannan layin ka kunna Metered connection kafin ta cinye maka ta wata guda a zama ɗaya. Daga nan kaje shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ka saka lambar samfurinta dake rubuce a ƙasanta, ka sauke direban waifai. In basu saka na Windows 11 ba, kuma ga tsofaffin nan galibi basa sakawa tunda Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel ta fara karɓa, a shaguna dabara ake yi a tura ta, ɗauki na Windows 10 mai 64-bit, yawanci yana zama daram.

Samfuri ɗaya yana iya zuwa da kati iri uku, to wanne ne naka? Danna Network Controller ɗin nan sau biyu, shiga Details, zaɓi Hardware Ids, zaka ga VEN da wasu haruffa huɗu a gabansa. 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C Atheros, 14C3 kuma MediaTek. Shikenan ka san gidan da zaka ƙwanƙwasa. Ka nisanci manhajojin nan masu cewa zasu gyara maka direbobi dari a danna ɗaya, talla da shara suke cika maka kwamfuta da shi.

Akwai wata hanyar ma da bata cin ko sisin data, in har afgired suka yi maka da gaske ba sabon zubi ba. Duba cikin C ko akwai jaka mai suna Windows.old, tsohuwar Windows ɗinka ce a naɗe, tsohon direbanka yana ciki. A Device Manager zaɓi Update driver, sai Browse my computer, ka nuna masa C:\Windows.old\Windows\System32\DriverStore\FileRepository ka bar shi ya lalubo. Wannan jakar kuma ita ce tikitin komawarka Windows 10, Settings, System, Recovery, Go back, amma kwana 10 kacal ake baka, bayan nan Windows da kanta take share ta, kai kuma asabar aka yi maka, ka lissafa. Kar ka bari wani mai neman faɗaɗa maka wuri a ma'ajiyar kwamfutar (hard disk) ya goge ta kafin waifai ya dawo. Sai in ko a Other devices babu shi, ka shiga BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar ba a kashe shi ba nan ma shiru, sannan ne maganar yaron shago zata fara kama hanya, ko a nan ɗin ma ɗan waifai na USB ƙarami kamar farce da ake samu a Farm Center ta Kano ko kowace kasuwar waya zai kai ka difens lafiya. Allah ya bada sa'a.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tawa matsalar abin dariya ce, tunda aka sabunta min laftof tana ganin waifai ɗin maƙwabta kaf har da na mai shagon cajin layinmu amma hotsifot ɗin wayata ne kawai bata gani, wayar 'yata kuwa tana kama shi ba matsala. Na canza suna na canza fasawod duk a banza.
Daga wata malamar firamare, Gusau

AMSA: Malama barka kadai. Tunda tana ganin na maƙwabta katin lafiyarsa ƙalau, yaren da wayarki take yi ne bata ji. Waifai yana tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4GHz da 5GHz, kamar FM da gajeren zango a rediyo, wanda akwatinsa bashi da gajeren zango ko tashar tana ƙofar gidansa ba zai kama ba. Sababbin wayoyi da yawa suna sakin hotsifot a kan 5, tsohon kati kuma ko dama bai iya ba, ko kuma ya iya amma direban da Windows ta ɗora masa na gama-gari ne. Ki shiga saitin hotsifot ki nemi inda aka rubuta AP band ki maida shi 2.4, in iPhone ce ki kunna Maximize Compatibility, aikinsu ɗaya. A nan wurin dai ki duba tsaro, in yana kan WPA3 ki dawo dashi WPA2, WPA3 ɗin sai 2018 aka fito dashi, katunan da suka girme shi da yawa basu san da zamansa ba, wani ya ƙi nuna sunan wani kuma ya nuna amma ki saka fasawod daidai yace ba zai iya haɗawa ba.

In kina son ki tabbatar da abin da katinki ya iya, ki buɗe Command Prompt ki rubuta

netsh wlan show drivers

ki duba layin Radio types supported, in b da g da n kaɗai kika gani babu a babu ac, to 5 ɗin nan ba rabonta bane, ki haƙura da 2.4, dama shi ya fi ratsa bango.

Masu sabuwar rauta a gida ko ofis suma su ji, akwai tsofaffin katunan Intel irinsu 7260 da 7265 da 3160 waɗanda da tsohon direba basa ganin rauta mai Wi-Fi 6 sam, sai an sabunta direban ko a shiga rautar a kashe ax, wato Wi-Fi 6 ɗin. Sannan laftof da aka yi don kasuwar Amurka wani lokacin bata ganin tasha ta 12 da 13, a tsayar da rautar a kan 1 ko 6 ko 11.

TAMBAYA: Injiniya ina wuni. Nawa ya haɗu yana nuna Connected amma a ƙasa an rubuta No internet, Chrome baya buɗe komai, ga data ina da ita don waya tana yi. Kanti ne dani ina turawa dilolina lissafi kullum, kwana uku kenan aiki ya tsaya.
Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano

AMSA: Lafiya lau Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. Naka direba yana nan yana aiki, hanya ce aka tare. Fara duba agogon laftof ɗin da kwanan wata, kar kayi dariya, tsofaffin nan ƙaramin batirin dake riƙe musu lokaci ya kan mutu, bayan an sabunta sai ka ga ta koma wata shekara can baya, shafukan intanet kuma masu tsaro basa yarda da kwamfutar da agogonta ya kauce. In agogo daidai yake, tuna ko kana da VPN ko tsohuwar manhajar kashe bairos da aka saka maka tun zamanin Windows 10, waɗannan suna dasa kansu ne a tsakanin kati da intanet kamar shingen kan hanya, in Windows ta canza su basu canza ba sai su tare kowa. Cire su gaba ɗaya ba kashewa kawai ba, in komai ya daidaita ka saka sabon zubinsu, ko da yake ni a ganina Windows Security da take zuwa da ita ya ishi mai lissafin kanti. Leƙa Proxy ma a cikin Network & internet, in akwai wata lamba da baka san da ita ba kashe ta.

Bayan nan buɗe Command Prompt da Run as administrator ka rubuta ipconfig ka duba IPv4 Address. In ya fara da 169.254 to rauta bata baiwa laftof ɗin lamba ba, ita ta ƙirƙirar wa kanta, shi yasa take ce maka ta haɗu alhali ba inda zata. Rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya kana danna Enter

netsh winsock reset
netsh int ip reset
ipconfig /flushdns

sai kayi ristat, ka cire rautar ko maifai ɗin daga wuta na minti ɗaya itama. In ya ƙi, akwai babbar guduma, Settings, Network & internet, Advanced network settings, Network reset, zata baka minti 5 ta kashe kanta ta dawo da komai na sadarwa sabo fil. Fayil ɗinka ko ɗaya ba zai taɓu ba amma duk fasawod ɗin waifai da ta haddace zasu goge, ka tabbatar kana da naka a rubuce, don na san halinmu, yaron da ya saka fasawod ɗin tun bara ya bar shagon.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, daga Nijar nike rubutowa. Ordinatar tawa waifai na aiki in tana bisa caji, amma da an ɗauke kuran ta koma bisa batiri sai ya dinga yankewa yana dawowa, da can ba ta yin haka. Kuma tawa da Faransanci take, abubuwan da kuke faɗi ban ganin su.
Daga wani ma'aikacin jinya, Maraɗi

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Wannan tsumulmular wuta ce, sabuntawa ta kan maida saitin batiri yadda ya fito daga kamfani, sai Windows ta dinga rage wa katin ƙarfi da zarar an zare caja. Su can da wuta bata ɗaukewa ba kowa ke lura ba, mu da rabin aikinmu a kan batiri muke yi mu muke shan ta. Maganar Faransanci kuwa kar ta dame ka, umarnin da ake rubutawa iri ɗaya ne a kowane yare, devmgmt.msc zai buɗe maka Gestionnaire de périphériques, ka shiga Cartes réseau, ka danna katin waifai sau biyu, a shafin kula da wuta ka cire alamar dake baiwa kwamfuta izinin kashe shi don tanadin batiri. Wasu sababbin laftof basu da wannan shafin, in baka gani ba rubuta powercfg.cpl, shiga saitin tsarin wutar da kake kai, ka buɗe na zurfi, ka nemi na katin waifai, a ɓangaren batiri ka ɗaga shi zuwa cikakken ƙarfi. Batirin zai ɗan rage jimawa amma ba wani abin a zo a gani ba. Ka dai tabbatar rautar kanta ba a kuran take ba, in tare suke mutuwa ba laifin ordinatar bane.

TAMBAYA: Yaya ni Ubuntu nake amfani da ita, na tashi daga 22.04 zuwa 24.04 sai ta rubuta min No Wi-Fi Adapter Found.
Daga wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta, Bauchi

AMSA: Madalla da ƙanwata, ku ne kuke sa nake jin daɗin filin nan. Buɗe taminal ki rubuta rfkill list, in kika ga Hard blocked yes makunni ne ko BIOS, in Soft blocked ne sudo rfkill unblock all ya wadatar. In ba haka ba rubuta lspci -nnk ki nemi layin Network controller, zan iya rantsuwa Broadcom zaki gani, su ne suka fi yin wannan saboda direbansu ba a cikin kanel, wato zuciyar Ubuntu, yake zuwa ba, duk sanda kanel ya canza sai an sake gina masa shi. Ki jona waya da kebul kamar yadda na gaya wa ɗan Zariya, a Ubuntu ma yana yi ba tare da an saka komai ba, ki buɗe Software & Updates, Additional Drivers, ki zaɓi na Broadcom ɗin. In kin saka kinyi ristat har yanzu shiru, duba mokutil --sb-state, Secure Boot yana hana direban da bashi da sa hannu tashi, ko ki bi shuɗin allon nan na MOK ki shigar da kalmar sirrin da ya nema lokacin sakawa ko ki kashe Secure Boot ɗin a BIOS. In kina sauri ne kuma, wajen tashi ki danna Esc ko ki danne Shift har GRUB, allon zaɓin tashi, ya fito, Advanced options, ki hau tsohon kanel in yana nan ki gama aikinki tukunna.

TAMBAYA: Malam ni ban yi afgired ɗin ba tukun, wannan koke-koken da nake ji ne ya sa nake tsoro, in zauna a 10 ɗina kawai?
Daga wani mai shagon buga takardu, Jos

AMSA: Windows 10 ba zata daina kunnuwa ba, facin tsaro ne aka daina turo mata sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU, kai kuma da filas ɗin mutane ɗari suke shiga kwamfutarka a rana ban baka shawarar ka daɗe a haka ba. In injinka ya cika sharuɗɗa ka hau, amma kafin ka hau saka filas, ka buɗe jaka a ciki mai suna direba, in filas ɗin E ne ka rubuta wannan a Command Prompt na administrator

pnputil /export-driver * E:\direba

zai kwashe maka direbobinka kaf har da na firinta, wanda nasan shi ya fi damunka. Da ka gama hawa kuma, tun kwana 10 ɗin basu cika ba, rubuta

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60

sai wa'adin komawa baya ya zama kwana 60. Kuma ranar lahadi zaka yi, ba ranar da ɗalibai suka yi layi da furojet a ƙofar shago ba.